Takardun Orla

A ɗakin shan shayi na asibitinmu a Jidda
Orla ta baje takardu kan tebur
kamar mai shanyar kuɓewa.
Wata mai kamawa za ta Ailan,
ƙasar da ba ta taɓa takawa ba
ko da yake daga can jan gashinta ya fito.

Ga rajistar coci, tawada ta koɗe.
Ga sunayen waɗanda suka shiga jirgin ruwa
shekarar da dankali ya ruɓe a ƙasa,
yunwa ta kora mutane bakin teku.
Ta ɗora farce kan wani layi:
yaro ɗan sha huɗu, lebura.
Magatakarda ya cinye harafi biyu a sunansa,
haka zuriyar ta ɗingisa da gurgun suna
har Ostareliya.

Sai ta ɗago kai.
"Kai fa, Hausawi? Ina ne garinku?"
Na ce Makka.
Ta ce, "Kafin Makka."
Shayina ya huce ban ba ta amsa ba.

Daren Alhamis na hau mota zuwa Sharamansur.
Na tarar da Inna Tasalla tana ɓarar gyaɗa,
fanka na juya mata zafi daga kusurwa zuwa kusurwa.
Ta ce, "Takarda?
Kakanka Nomau da ƙafa ya sa hannu.
Shekara bakwai yana tafe.
Ya tsaya ya tsinci auduga a Jazira don guzuri,
ya binne ɗansa na fari a gefen wata rijiya,
ya haye daga Sawakin cikin jirgin katako
yana amai yana talbiyya.
Wa ya tsaya rubuta shi?"

Na ce, to sunan garin.
Ta daɗe tana murza ɓawo a tafin hannu.
"Akwai marina.
Akwai kukar da tsawa ta raba biyu, ba ta mutu ba.
Kasuwa ranar Laraba take ci.
Sunan kuwa, ko Rafin Gora, ko Gorar Rafi,
uwata ma in ta faɗa yau, gobe sai ta sake."

Ta kama yatsana ta bi da shi kan kuncinta,
tsaga uku, tsufa ya kusa shafe su.
"Karanta nan.
Ubanka ba a yi masa ba, an ce a nan abin kunya ne.
Ni ce shafi na ƙarshe."

Ta ce har ya rasu faratan Nomau baƙaƙe ne.
Shekara arba'in yana alwala da Zamzam,
baba bai saki hannunsa ba.

Na buɗe taswira a waya.
Rafin Gora ya fito nan, ya fito can,
kowanne ɗigo ne, babu kuka a kansa.

Da safe na gaya wa Orla.
Ta yi dariya, sannan ta yi shiru.
Ta ce ita tsoronta ta je da kundi guda
ta tarar da kango da tumaki,
da wani tsoho mai cewa bai taɓa jin su ba.
Na ce ni tsorona in yi sallama
a amsa mini da Hausar da ta wuce ni,
tawa mai warin Larabci ta tsaya a ƙofa.

Duk da haka na karɓo takardar biza.
Inda aka ce dalilin tafiya na rubuta: ziyara.
Inda aka ce sunan wanda za ka sauka wurinsa
na bar fili.

Inna ta ƙulle mini dabino a leda biyu,
ɗaya na Orla.
Ta ce, "In ka isa kada ka tambayi gida,
gida yana faɗuwa.
Ka tambayi inda ake rini,
ka riƙa duban hannun mutane."